Ki faɗa mata tun kafin ta gani

'Yata, saƙonki ya iso ni, kuma na ji daɗi da kika tuna da gwaggonki. Kin ce jikata ta cika shekara 10, ta fara ƙirgar dangi, kina son ki zaunar da ita ki yi mata bayanin jinin al'ada, amma ana ce miki uwa ba ta buɗe baki da 'yarta a kan wannan, haka aka gada, idan lokaci ya yi za ta gane da kanta. Kina tambaya ko yin maganar zubar da kunya ne. A'a, ba zubar da kunya ba ne. Ki yi mata, kuma kada ki jira.

Ni da shirun aka raine ni. Ranar da na fara gani ina da shekara 13, na ɗauka wani abu ne ya fashe a cikina. Na yagi gefen tsohon zane na tare, na kwana biyu ina wanke shi cikin dare ina shanyawa a ƙarƙashin gado don kada kowa ya gani. Kukan da na sha ba na ciwo ba ne, na tsoro ne. Mahaifiyata tana ƙaunata matuƙa, ita ma haka aka yi mata. Da na yi aikin ungozoma sai na ga irin wannan tsoron a idon 'yan mata ba adadi, har da matan aure masu 'ya'ya waɗanda ba su san hanyar fitsari daban take da hanyar haihuwa ba. Kunyar da nake girmamawa ita ce ta rufe jiki da tsare harshe a gaban mutane. Barin yarinya cikin duhu game da jikinta ba ya cikin wannan kunyar.

Amma ba za ki ba da abin da ba ki da shi ba, don haka bari in shimfiɗa miki yadda abin yake.

A cikin mara akwai ma'ajiyar ƙwai guda 2, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace ba ta wuce kan babban yatsa ba sosai. Abin da har yau yake ba ni mamaki shi ne, da ƙwayayenta ake haihuwar 'ya mace, wajen miliyan 1 zuwa 2. Kafin ta balaga sun ragu zuwa kusan dubu 300 ko 400, kuma waɗanda za su nuna su fito a duk rayuwarta ba su wuce 400 zuwa 500 ba. Ke nan ƙwan da ya zama jikata yana jikinki tun kina cikin mahaifiyarki. Kusa da kowace ma'ajiya akwai siririn bututu mai tsawon kamar santimita 10, bakinsa da 'yan yatsu masu cafke ƙwai idan ya fito, su tura shi hanyar mahaifa. A cikin bututun nan ne ƙwai yake haɗuwa da maniyyi idan ciki zai shiga.

Ita mahaifa tsoka ce mai ƙarfi, tsawonta santimita 7 zuwa 8, kusan dunƙulen hannunki. Wannan 'yar abar ce take buɗewa har ta ɗauki jariri wata 9, ta kuma koma kusan yadda take cikin mako 6 bayan haihuwa. Ƙasanta shi ne bakin mahaifa, wanda yake buɗewa santimita 10 lokacin naƙuda, daga nan sai farji.

Nan ne nake so ki natsu, don shi ne amsar da yarinya take nema. Kowane wata ƙwaƙwalwa tana aika saƙo ta cikin jini zuwa ma'ajiyar ƙwai, ita kuma ta saki sinadaranta, istirojin da furojestiron. Su ne suke sa mahaifa ta yi sabuwar shimfiɗa mai kauri da taushi a cikinta, ko da ciki zai samu wurin zama. Ƙwai ya fito kamar kwana 14 kafin al'ada ta gaba, rayuwarsa kuma ba ta wuce awa 24 ba. Idan bai haɗu da maniyyi ba, sinadaran sai su sauka, shimfiɗar ta saɓule ta fito tare da jini. Shi ke nan al'ada. Ba rauni ba ne, ba kuma wani mugun jini ne da ya taru a jiki ba. Ciwon marar da ake ji kuwa mahaifa ce take matsewa don ta fitar da shimfiɗar. Ɗumama marar yana sauƙaƙa shi.

Jinin yakan ɗauki kwana 2 zuwa 7, kuma duk da yana ba da tsoro a ido, yawanci bai fi cokali 2 ko 3 na cin abinci ba. Tsakanin wata al'ada da wata, kwana 21 zuwa 35 duk daidai ne ga babbar mace. Kwana 28 da ake yawan faɗa matsakaici ne kawai. A shekarun farko takan yi wasa, ta zo wannan wata ta tsallake na gaba. Kada wannan ya sa ki zargi yarinya, na ga yaran da aka ci zarafinsu a kan abin da jikinsu ne kawai bai gama daidaita ba, kuma abin yana yi mini ciwo har yanzu.

Tunda ta fara ƙirgar dangi, ki sa ran jinin nan da kamar shekara 2, wani lokaci ƙasa da haka. Watanni kafin ya zo za ta iya ganin farin ruwa a kamfanta, in ba ƙaiƙayi ba wari, lafiya ce. Abin da zai sa ki kai ta asibiti shi ne idan ta kai 15 ba ta fara ba, ko jinin ya wuce mako guda, ko tana jiƙa auduga duk bayan awa ɗaya ko biyu, ko ciwon ya hana ta tashi. Ki lura da jiri da yawan kasala, don zubar jini mai yawa tana jawo ƙarancin jini.

Ba sai kin juye mata duka rana ɗaya ba. Ki zaɓi lokacin da kuke ku biyu, kina yi mata kitso ko kuna ninke kaya, don yaro ya fi sakin jiki idan ba ido cikin ido ba ne. Ki buɗe audugar mata a gabanta, ki nuna mata yadda ake liƙa ta, ki ce ta riƙa canzawa duk bayan awa 4 zuwa 6, tsarki kuma daga gaba zuwa baya. Ki saka mata guda biyu a jakar makaranta. Ki kuma gaya mata tun yanzu cewa daga lokacin da jiki ya fara sakin ƙwai ciki yana iya shiga, kuma babu mai ikon taɓa jikinta, kowane ne. Idan harshenki ya yi nauyi a ranar, ki kira ni ki ba ta wayar, ni zan fara, ke ki ƙarasa.

Ki gaida maigidan da yaran. Allah ya raya mana ita.