Amsa kan waswasin da ke zuwa cikin salla

'Yar'uwa, kin ce munanan tunani game da Allah suna faɗo miki cikin salla, har kina maimaita alwala sau goma. Wannan ciwon waswasi ne da likitoci suka sani, kuma firgitar da kike yi shaida ce cewa ba nufinki ba ne. Sahabbai ma sun kai wa Annabi (SAW) irin wannan kuka, ya ce tsantsar imani ke nan. Maimaita alwalar ne ke ciyar da ciwon. Ki nemi likitan ƙwaƙwalwa a babban asibitin Damagaram, domin a horar da ke barin tunanin ya wuce ba tare da kin sake komai ba. Ƙwayoyi irin su fluoxetine suna taimakawa, amma sukan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin a ga amfaninsu.