Amsoshin Tambayoyinku: Kwanson harsashin da ya lotse

Wani manomi daga Gadarif ya rubuto: "Malam, ina da bindiga mai lasisi da nake korar gadu daga gonar dawa. Harsashi ya yi tsada. Na tara kwansuna, sai dai wasu sun lotse. Ana iya sake ɗura su?"

Ɗan'uwa, Allah ya tsare maka amfanin gona. Lotsewa iri-iri ce. Tagullar kwanso kashi 70 jan ƙarfe ce, kashi 30 tutiya, shi ya sa take da taushi. A Amurka, inda doka ta yarda mutum ya ɗura harsashi a gida kuma ana sayar da kayan aikin a shago, ƙaramar lotsewa a kafaɗar kwanso ba ta damun su, domin in an harba, matsin da ke ciki yakan miƙar da ita. Wanda suke zubarwa nan take shi ne mai lotsewa da kaifi kamar an ninke takarda, da mai tsaga a wuya, da wanda tsatsa ta ci ya yi kore, da mai siririn zobe mai ƙyalli kusa da gindi. Wannan zoben alama ce tagullar ta sirance, saura ƙiris kwanson ya rabe biyu. Matsin da babban harsashi ke yi lokacin harbi ya kai tan 4 a kan wurin da bai fi farcen ɗan yatsanka ba, ga idonka kuma dab da wurin.

Amma a nan Sudan, shawarata ka bar wannan magana. Yawancin kwansunan da ke zube na soja ne. Na bindigar Kalash galibi ma ba tagulla ba ne, baƙin ƙarfe ne aka shafe, kara masa maganaɗisu ka gani. Na bindigar G3 kuwa da zane-zane a jiki yake fitowa, a dauje. Masu wannan sana'a a can Amurka suna auna albarushi da ma'auni irin na mai sayar da zinariya, kuma sun san wane iri ne a hannunsu. Kai fa? Ga kuma dokar makamai ta 1986, lasisin riƙe bindiga bai ba ka izinin haɗa harsashi ba. Ku haɗa kai da maƙwabtan gona ku riƙa gadi bi da bi, ko ka sayi kaɗan ta hanyar da doka ta sani.

Wani saurayi daga Sinnar yana tambaya ko zai iya miƙar da harsashin da ba a harba ba da guduma, tunda da araha ya saye shi. Haba samari! Guduma a kan abin da ke cike da albarushi? Ka ajiye gudumar. Wanda ya sayar maka ya san dalilin arahar, kai ne ba ka tambaya ba.

Sai wasiƙar da ta hana ni barci, daga wata uwa a Wad Madani. Ta ce tun da suka koma gida, ɗanta mai shekara 11 yake yawon tsintar kwansuna yana kai wa masu sayen ƙarafa, kuma kuɗin na taimaka musu a cefane.

Yaya, ban ga laifinki ba, kowa ya san yadda tukunya take tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Amma ki hana shi yau, kada ki bari sai gobe. Kwanson da ba komai ciki ba ya fashewa, gaskiya ne. Sai dai yaro ba ya tantancewa, nauyi yake nema tunda da kilo ake saye, abin da ya fi nauyi a kangon gida kuwa shi ne dana, wato harsashin igwa, da ta faɗo ba ta tashi ba. Ga gurneti, ga kan roka, duk sun yi tsatsa sun saje da tarkace. Irin waɗannan sukan kwanta wata da watanni, taɓawa ɗaya ta tashe su. Na ga buhu a bayan amalanke, kwansuna a sama, wani abu mai fiffike a ƙasa, jaki na tafe yana girgiza shi a tsakiyar kasuwa.

Ku kuma masu saye, ku ji tsoron Allah. Kun san abin da ke cikin buhun, kuna ɗorawa a sikeli kuna miƙa wa yaro canji. Har da masu watsa tarkacen cikin wuta don su raba tagulla da datti, alhali harsashi ɗaya mai rai ya isa ya cire wa mutum ido. Limamai da masu unguwa, daga Mai Wurno har Damazin, ku faɗi wannan bayan sallar Juma'a.

Yaya, ki zaunar da shi ki gaya masa: abin da bai sani ba kada ya taɓa, kada ya jefe shi da dutse, ya koma ta inda ya biyo ya gaya wa babba. Ku kuma ku sa alama daga nesa, ku sanar da 'yan sanda ko Cibiyar Kawar da Nakiyoyi ta Ƙasa. In akwai buhun da ya riga ya shigo da shi gida, kada ki zazzage, ki fitar da yara ki kira 'yan sanda ko cibiyar.