Wasannin auna katin girafik

Ka tambaya ko wasanni biyu da ka saba bugawa sun isa ka auna ƙarfin katin girafik, wato na'urar da ke zana hotuna a kwamfuta. Gaskiya ba su isa ba. Haɗa shida ko takwas, musamman masu ma'aunin gwaji a cikinsu irin su Cyberpunk 2077 da Forza Horizon 5, don kowane kati ya bi hanya ɗaya. Cyberpunk, in an kunna bin sawun haske (fasahar da ke kwaikwayon yadda haske yake a zahiri), katunan kamfanin Nvidia yake fifitawa, Call of Duty kuwa ya kan ɗaga na kamfanin AMD.

Amma ka yi hattara da Counter-Strike 2 a 1080p (ma'aunin yawan ɗigon hoto a allo), furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, yake wahalarwa, ba kati ba. Na taɓa gwada katuna biyu da shi, ɗaya ya ninka ɗaya tsada, lambobin gwajin suka fito kusan kai ɗaya. Sai da na koma 1440p, wanda ya fi yawan ɗigon hoto, tazarar ta bayyana.