Karin Kumallo da Fushin Budurwa

Tambaya: Ɗiyata mai shekara 15 tana tafiya makaranta ba ta karya ba, ta dawo a gajiye, ga saurin fushi. Ko abinci na da hannu? Daga wata uwa a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Hajiya, yana da hannu ƙwarai. Yunwar safe tana raunana natsuwa a aji, kuma budurwar da ta fara al'ada tana yawan fuskantar ƙarancin jini, wanda ke kawo kasala da mantuwa. Ki tabbatar ta sha kunu da ƙosai ko fura da nono kafin ta fita, a riƙa ba ta hanta, wake da zogale, da wadataccen ruwa lokacin bazara. Idan damuwar ta wuce mako biyu, ki kai ta ga likita.