Filin Tambaya da Amsa: Wai me lauya yake yi a asibiti?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti Barista, sannu da ƙoƙari. Ni dai ban jima da gama karatun lauya ba, kuma tun ina makaranta hankalina yana wajen harkar lafiya dan da likitanci naso yi Allah bai nufa ba. To kwanaki na karanta tarihin wani babban lauya da ya daɗe yana shugabantar sashen shari'a na wasu asibitoci, naga banda aikin ofis har ƙungiyoyin agaji yake wa aiki kyauta, abin ya burgeni sosai. Amma da na faɗa wa yayana sai yace wai aikinsu kawai su kare asibiti in an kashe mutum, wai zan ci albashi ne da hawayen talaka. Dan Allah Anti haka abin yake? Kuma ta ina ake shiga? Daga ƙanwarki mai bibiyar wannan fili.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Maganar yayanki akwai ƙamshin gaskiya a ciki bazan ɓoye miki ba, akwai lauyoyin da da zarar an samu matsala abu na farko da suke cewa shine kowa ya kama bakinsa, kar a nuna wa dangi fayil. Amma shari'a a kotu ɗan ƙaramin yanki ne na aikin, sau da yawa ma lauyoyin waje ake ɗauka su je kotun. Shi shugaban sashen shari'a yana cikin gida ne, yana zama da shugabannin asibiti a teburi ɗaya, kuma mafi yawan ranarsa a kan takardu take ƙarewa, kwantiragin likitoci, sayen injina, lasisi, rigima da kamfanonin inshora, sirrin majinyata, da takardar amincewa da ake sa wa hannu kafin tiyata.

Bari na baki misali da abinda na gani da idona a wani asibiti da na taɓa yi wa aiki. An kawo kwantiragi mai shafi kusan arba'in da wani kamfanin gwaje-gwaje, kowa ya sa hannu saura sashenmu, sai can wajen ƙarshe muka ci karo da layi biyu kacal da ke cewa duk majinyacin da likita ya tura musu akwai wani kaso da za a dawo masa da shi. Shugabar sashenmu ta ɗauki jan biro ta ja layi a kai ta maida musu, aka yi sati ana fushi da ita har da masu daina gaisawa. To kinga da ta bari ya wuce, wa zai biya kuɗin gwajin da ba a buƙata? Talakan nan da yayanki yake magana. A Amurka irin wannan kamashon laifi ne tun 1972 a duk abinda ya shafi kuɗin lafiya na gwamnatin tarayya, a 1989 kuma aka ƙara dokar Stark mai hana likita tura majinyaci wajen da yake da hannun jari. A nan lauyan cikin gida yake nuna amfaninsa, ranar da zai kalli wanda ke biyansa albashi yace ranka ya daɗe wannan ba za a yi ba.

Dokokin da za ki riƙa yawo da su a ka suna da yawa kuma kowace ƙasa da nata. Amurka tana da EMTALA ta 1986 wadda ta wajabta wa asibitocin da ke karɓar kuɗin Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnati, su duba wanda aka kawo cikin gaggawa su ceto ransa kafin maganar kuɗi, da HIPAA ta 1996 kan sirrin bayanan lafiya. Dokar lafiya ta ƙasa ta Najeriya ta 2014 ita ma ta hana ƙin karɓar majinyacin gaggawa. A Birtaniya kuma ki nemi shari'ar Montgomery ta 2015 ki karanta, wata mai ciwon suga ce da ba a gaya mata cewa akwai haɗarin kashi 9 zuwa 10 cikin ɗari kafaɗar jariri ta maƙale wajen haihuwa ba, abin ya faru, yaron ya samu lahani a ƙwaƙwalwa, kotun ƙoli tace dole likita ya faɗa wa majinyaci duk haɗarin da mai hankali zai so ya sani kafin ya yanke shawara. Bayan irin wannan hukuncin lauyoyin asibiti ne ke zama da likitoci a sake rubuta takardun amincewa a sake tsara yadda ake yi wa mutane bayani.

Game da in an yi kuskure kuwa, akwai wani lauya Richard Boothman da ya yi shekaru yana kare likitoci a kotu, a 2001 ya koma asibitin jami'ar Mishigan a Amurka, ya kawo tsarin cewa in an yi kuskure a faɗa wa majinyaci gaskiya, a ba shi haƙuri, a biya diyya ba sai an je kotu ba, in kuma ba a yi kuskure ba a tsaya wa likita tsayin daka. Mutane sun ɗauka ƙararraki za su yi musu rubdugu, sai binciken da aka wallafa a 2010 ya nuna ƙararrakin ma raguwa suka yi, kuɗin shari'a ya ragu, kuma ana gama magana da wuri. Ni wallahi wannan labarin yana taɓa min zuciya, dan yawancin dangin da na zauna da su ba kuɗi ne ya fara kawo su ba, so suke wani ya zauna ya gaya musu me ya faru da mahaifiyarsu a ɗakin tiyata.

Aikin al'umma da kika gani a tarihin mutumin nan shi ma ba ado bane. Ƙungiyar lauyoyin Amurka tana kwaɗaitar da kowane lauya ya bada aƙalla awa 50 a shekara kyauta, kuma ƙananan asibitocin agaji da gidajen marayu da ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman kullum neman wanda zai zauna musu a kwamitin amintattu suke, dan su basu da kuɗin ɗaukar lauya alhali takarda ɗaya da aka cike ba daidai ba tana iya sa a rufe su. A 1993 wani likitan yara Barry Zuckerman a Boston ya gaji da yi wa yara masu asma magani suna komawa gidajen haya masu danshi da fumfuna suna dawowa, sai ya ɗauko lauya cikin asibitin dan a tilasta wa masu gidajen su gyara, yanzu asibitoci da yawa sun kwaikwayi tsarin. Abu ɗaya zan ja miki kunne a kai, in ƙungiyar da kike wa aikin sa kai tana da ciniki ko rigima da asibitinki to ki bayyana tun wuri ki tashi daga zaman, kar kice ai niyyata mai kyau ce.

Hanyar shiga kuwa ba a fara wa daga sama. Ki yi 'yan shekaru a ofishin lauyoyi da ke harkar kwantiragi ko inshora ko ƙarar sakacin likitoci, ko a hukumar da ke ba asibitoci lasisi, in da hali ki ƙara digiri na biyu a dokokin lafiya. Ki koyi karanta fayil ɗin majinyaci da lissafin kuɗin asibiti, ki saba da nas-nas dan su ne suke fara ganin matsala kafin kowa. Kuma ki shirya wa waya cikin dare, za a kira ki ƙarfe biyu ace ga majinyaci a sume, matarsa tace a yi aiki ɗan'uwansa yace bai yarda ba, likita yana tsaye da safar hannu yana jiran ki gaya masa wa doka ta ba ikon sa hannu.