Kafin ka ƙara kuɗin shago a hannun jarin da ke nutsewa

Wani mai sayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari ta Zariya ya rubuto cewa ɗan yayansa ya saya masa hannun jarin wani sabon kamfani na Amurka ta manhajar waya, na Naira miliyan 3, a kan santi 40 kowane ɗaya (santi 100 ne dala ɗaya), yanzu kuwa farashin ya koma santi 9. A zauren Telegram na masu hannun jarin ana cewa manyan 'yan caca da faɗuwar farashi ne ke danne shi, saboda haka kowa ya riƙe nasa ya ƙara saye, kamar yadda aka yi da hannun jarin kamfanin GameStop na Amurka. Yana tambaya ko ya zuba miliyan 2 da ya ware don sarin kayan Sallah.

Alhaji, kada ka taɓa kuɗin Sallah. Amma ba wannan ne ya fi damuna a wasiƙarka ba. Ka cika shafi da labarin maƙiyan kamfanin, ba ka faɗi ko sau ɗaya abin da yake sayarwa ba, ko nawa ya samu bara, ko bashin da ke kansa. Kai da ba ka karɓar dilar atamfa sai ka kwance ka murza yadin da yatsa, ka biya miliyan 3 a kan abin da ba ka buɗe littafinsa ba, don kawai ɗanka ya ce yana da kyau.

Abin da 'yan caca da faɗuwar farashi ke yi ba sihiri ba ne. Kamar mutum ne ya ari buhun masara goma a Giwa lokacin tsada ya sayar, da kaka ta yi ya saya da araha ya mayar wa mai shi, ya soke rarar. Ana yin haka da hannun jari, kuma yana iya taɓa farashi. Sai dai aron hannun jarin da bai kai santi 10 ba yana da wuya da tsada, shi ya sa manyan ba su cika ɓata lokacinsu a kansa ba. Abin da ya fi kashe irin waɗannan kamfanoni shi ne, ba su da ciniki, sai su riƙa fitar da sababbin hannayen jari suna sayarwa don biyan albashi da bashi, rabon kowa yana tsinkewa kamar kunun da ake ta ƙara wa ruwa. Waɗanda suka ce maka makirci ne kuwa, su ma kayan na hannunsu, suna neman wanda zai saya.

Batun GameStop da ake ruɗar ku da shi, kamfani ne mai dubban shaguna da ke babbar kasuwar hannun jari ta New York. Farashinsa ya tashi daga ƙasa da dala 20 a farkon Janairun 2021 ya taɓa dala 483 ranar 28 ga watan, cikin kusan mako uku kuma ya rikito zuwa wajen dala 40. Waɗanda suka shiga a makare ba a cika jin bakinsu ba.

Na san wani dattijo a Tudun Wada da ya ci bashin banki a 2007 ya sayi hannayen jarin bankuna, saboda surukinsa ya ce ba sa faɗuwa. Ma'aunin farashin kasuwar hannun jari ta Legas ya haura 66,000 a Maris ɗin 2008, bayan shekara guda ya dawo wajen 20,000. Duk saukar da farashi ya yi sai ya ƙara saye yana cewa araha ce, har filinsa ya tafi. Ko takarda ɗaya ta lissafin bankunan bai taɓa karantawa ba.

Abin da ya rage maka yanzu bai wuce Naira 675,000 ba, in an ajiye batun canjin dala, kuma sai farashin ya ninka fiye da sau huɗu kafin uwar kuɗinka ta dawo. Ka kira yaron nan, ba don faɗa ba, ku zauna a shago ya buɗe rumbun EDGAR na hukumar kula da hannun jari ta Amurka, wanda kyauta ne, ya nemo rahoton kamfanin na wata uku-uku, wato 10-Q. Ku duba yawan hannayen jarinsa bara da bana, da tsabar kuɗin da ke asusunsa, da abin da yake kashewa a wata uku. Idan hannayen jarin sun ninka, kuɗin kuma ba zai kai shi shekara ba, ka sayar ka kwashi abin da ya saura. Idan kuwa rahoton ma babu shi, ka sayar a ranar, ka kuma karɓi lambar sirrin manhajar daga hannun yaron.