Tambaya da Amsa: Saka Injin Bincike na Musamman a Manhajar Karɓar Koke

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne mai kula da sashen kwamfuta a wani ƙaramin kamfanin samar da intanet a Kano, kuma da manhajar osTicket muke karɓar koke-koken abokan cinikinmu. Bayanan taimakonmu a warwatse suke, wasu a cikin manhajar, wasu a babban shafin kamfani, wasu kuma a shafukan masu ƙera na'urorin da muke sayarwa. Shin zan iya saka injin bincike irin na Google da zai haɗa su duka, har da tsofaffin tikitin, wato koke-koken da muka riga muka warware?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Rabin abin da kake nema mai yiwuwa ne cikin sauƙi, ɗaya rabin kuma ina ba ka shawarar kada ka kusance shi ta wannan hanyar, don haka sai mu raba su tun daga farko.

Abin da ya dace da shafukanku na fili shi ne Programmable Search Engine na Google, wanda aka fito da shi a 2006 da sunan Custom Search Engine. Za ka buɗe sabon inji a shafinsa, ka rubuta adireshin wuraren da kake so ya riƙa dubawa, wato sashen tambayoyi da amsoshi na osTicket, da shafin kamfani, da na masu ƙera na'urori, shi kuma ya ba ka lambar shaidar injin tare da layuka biyu na umarni. Layi na farko yana kiran fayil ɗin cse.js, na biyu kuma yana nuna wurin da akwatin zai zauna. A osTicket, fayilolin da ke tsara fuskar da abokin ciniki yake gani suna cikin include/client, kuma idan ka saka layukan a header.inc.php akwatin zai fito a kowane shafi. Ka adana kwafin gyaran a wani wuri dabam, saboda duk lokacin da ka sabunta manhajar sabon fayil zai iya danne naka. Idan kuma akwatin ya ƙi fitowa, fara duba dokar tsaro ta Content-Security-Policy, wadda takan hana shafi ɗauko umarni daga adireshin da ba nasa ba, sai an sanya cse.google.com cikin waɗanda aka yarje wa.

Sai dai wannan inji ba ya shiga rumbun bayananku. Abin da Google ya riga ya ziyarta ya adana kawai yake nunawa, saboda haka duk amsar da kuka ware wa ma'aikata kaɗai, ko wadda sai an shiga da kalmar sirri ake karantawa, ba za ta bayyana ba. Haka nan sabuwar amsa tana iya ɗaukar kwanaki kafin ta fito, ko da yake yin rajistar shafin a Google Search Console, wurin da masu shafi ke sanar da Google shafukansu, da miƙa taswirar shafuka yana rage jiran. Ka kuma sani cewa nau'in kyauta yana zuwa da talla, kuma babu abin da zai hana tallar abokin hamayyarku ta tsaya a saman amsarku a daidai lokacin da mutum ya zo cikin fushi saboda intanet ɗinsa ta yanke. Makarantu da hukumomin gwamnati da ƙungiyoyin da ba na neman riba ba ne ake ba damar cire tallar kyauta, kamfani irin naku ba ya cikinsu.

Yanzu ga batun tikiti, wanda shi ne ya fi damuna a cikin tambayarka. Hanya ɗaya tilo da Google zai ga tsofaffin tikitinku ita ce ku buɗe su ga kowa, alhali a cikinsu akwai sunayen mutane da lambobin wayarsu da adireshin gidajensu, wani lokaci har da hoton rasiɗin banki ko kalmar sirrin na'ura da abokin ciniki ya aiko saboda ya amince da ku. Wannan amana ce, kuma Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa kamfani alhakin tsare ta. Abin da ya riga ya shiga injin bincike kuwa janye shi ba ƙaramin aiki ba ne. Ko akwatin da ka saka a fili ma, duk abin da aka rubuta a ciki yana tafiya wurin Google, don haka yana da kyau a rubuta gajeren gargaɗi a ƙarƙashinsa cewa kada a saka lambar asusu ko ta waya.

Hanyar da ta fi ita ce a ɗauki tikitin da matsalarsa ke yawan maimaituwa, a cire duk abin da ke nuna mai shi, a mayar da shi amsa ta fili. Binciken tikitin kansu kuma ya tsaya a cikin gida. osTicket yana dogara ne da binciken rubutu na MySQL, wato rumbun da yake adana bayanansa, wanda a tsarinsa na asali ba ya lissafa kalmar da ba ta kai haruffa 3 ba a tsarin adana bayanai na InnoDB, ko 4 a na MyISAM, kuma sau da yawa wannan ne dalilin da ya sa ma'aikaci ke neman gajeren sunan na'ura ya rasa. Ana iya rage adadin a saitin rumbun, sannan a sake gina fihirisar. Idan tikitin sun yi yawa har wannan ya gaza, sai a koma ga inji irin Elasticsearch a kan sabar kamfani, wanda shi ne Zammad, wata manhajar karɓar koke irin osTicket, take amfani da shi. A nan ne za ka iya kunna matatar asciifolding, wadda ke ɗaukar ƙ da ɗ da ɓ a matsayin k da d da b, abin da zai amfane ku ƙwarai tunda mafi yawan masu aiko koke da Hausa ta waya ba sa rubuta haruffa masu lanƙwasa.

Kada ka gina aikin sashenku kacokan a kan injin wani kamfani. Google ya rufe wani injinsa na binciken shafuka mai suna Site Search a 2018, Microsoft ma ya rufe hanyar da manhajoji ke bi su yi bincike da Bing a watan Agustan 2025. Ka ajiye layukan binciken a fayil guda wanda sauran shafuka za su riƙa kira, ka kuma riƙe jerin adireshin da ka ba injin a rubuce, domin idan sharuɗɗan suka sauya wuri ɗaya kawai za ka taɓa.